Daga Bingham zuwa Yadakunya: Ginin Tunawa da Makomar Sunansa a Bakin Bahaushe

Tsakure

Al'ada ce ga ƙungiyoyin jinƙai na Kirista su gina makaranta ko asibiti, su raɗa masa sunan wanda ya kafa ƙungiyar, domin sunan ya wanzu bayan mai shi ya kau. Ƙungiyar SIM, wadda Rowland Bingham ya jagoranta kusan shekara hamsin, ta bi wannan al'ada a Jos da Miyango da Adis Ababa. A karkarar arewacin Kano kuwa, inda ta gudanar da ɗaya daga cikin manyan ayyukanta na jinya, sunan da ya zauna a bakin jama'a shi ne Yadakunya. Wannan muƙala ta bi sawun al'adar ginin tunawa daga William Booth zuwa Bingham, ta dubi yadda aikin jinyar kuturta ya buɗe wa mishan ƙofar masarautar Kano, sannan ta ƙwanƙwance sunan Yadakunya ta fuskar ƙira da ma'ana. Muƙalar ta nuna cewa Bahaushe yana da tasa ƙa'idar ta adana sunan gini, kuma ƙa'idar ba ta bin abin da aka rubuta a allon bakin ƙofa.

Fitilun kalmomi: ginin tunawa, Bingham, Yadakunya, kuturta, kunya, sunayen wurare

1.0 Gabatarwa

A unguwar Denmark Hill da ke kudancin Landan akwai wata kwaleji mai doguwar hasumiyar bulo, wadda ake hangowa daga nesa. An buɗe ta a 1929, shekara ɗari cif da haihuwar William Booth, mutumin da ya kafa ƙungiyar Salvation Army, wato Rundunar Ceto. Giles Gilbert Scott ne ya zana ginin, shi ne kuma ya zana babbar majami'ar Angalikan ta Libaful. A gaban kwalejin akwai mutum-mutumin Booth da na matarsa Catherine. Aikin kwalejin horar da jami'an ƙungiyar ne, amma dalilin gina ta da wannan girma shi ne tunawa da Booth, wanda ya rasu a 1912. Wato an haɗa abu biyu a gini guda: amfani na yau da kullum, da tsare sunan mamaci.

Mai nazarin Hausa zai iya tambayar abin da ya haɗa shi da hasumiyar Landan. Zaren da ya haɗa su gajere ne. Wani saurayi da ya karɓi addini a hannun mutanen Booth, har ya yi wa rundunarsu aiki, shi ne daga baya ya kafa ƙungiyar mishan mafi yawan tashoshi a ƙasar Hausa. Da ya rasu, mabiyansa sun yi masa irin abin da aka yi wa Booth. Tambayar da muƙalar ta sa a gaba ita ce: ina waɗannan sunaye suka kwana da suka shiga bakin Bahaushe, kuma me ya sa babban aikin ƙungiyar a karkarar Kano yake ɗauke da sunan Hausa tsantsa?

2.0 Daga Booth zuwa Bingham

An haifi Booth a Nottingham a 1829. Ya fara wa'azi a unguwannin matalauta na gabashin Landan a 1865, kuma a 1878 ƙungiyarsa ta ɗauki sunan da aka san ta da shi yau, tare da kaki da muƙamai irin na soja. Abin da ya bambanta ta da sauran masu wa'azi na zamanin shi ne dagewarta a kan cewa mai jin yunwa ba ya sauraron wa'azi. Sai an ciyar da shi, an ba shi makwanci, sannan a yi masa maganar lahira.

Rowland Victor Bingham an haife shi a East Grinstead ta Ingila a 1872. Yana matashi ya shiga Rundunar Ceto, ya ƙaura Kanada, ya yi mata aiki a can kafin ya rabu da ita. A ranar 4 ga Disamba 1893 ya sauka Ikko tare da Walter Gowans da Thomas Kent, da niyyar kutsawa ƙasar da Turawa ke kira Sudan, wadda ƙasar Hausa take tsakiyarta. Tafiyar ba ta yi kyau ba. Zazzaɓi ya kwantar da Bingham a Ikko. Gowans ya rasu a Girku ta ƙasar Zazzau a 1894, Kent kuma ya rasu a Bida a wannan shekarar. Bingham ya koma gida shi kaɗai. Ya sake gwadawa a 1900, ciwo ya sake mayar da shi. Sai a karo na uku ƙungiyar ta samu gindin zama a Patigi ta ƙasar Nufe, a 1902.

Akwai abin lura a nan wanda zai yi amfani a gaba. Bingham bai taɓa zama a ƙasar Hausa zama na dindindin ba. Daga Toronto ya tafiyar da ƙungiyar, yana neman kuɗi da ma'aikata, yana buga mujalla, yana kawo ziyara jefi-jefi. Manomin Ungogo ko na Tofa ba shi da dalilin sanin fuskarsa.

Ƙungiyar ta rarraba sunayen mutanen nan uku a kan gine-ginenta. An buɗe gidan renon 'ya'yan ma'aikatan mishan a Collingwood ta Kanada da sunan Gowans. Makarantar kwana ta Miyango, a kusa da Jos, ta ɗauki sunan Kent. Bayan rasuwar Bingham a Disamba 1942, aka sa sunansa ga wata makaranta a Adis Ababa, da kuma gidan jinya na tunawa da shi a Jos. Wannan gidan jinya na Jos ya shiga tarihin likitanci ta wata hanya da ba a zata ba: can aka kai Laura Wine, ma'aikaciyar jinya daga garin Lassa, a 1969, da zazzaɓin da daga baya aka sa wa sunan garin. Ita da wata ma'aikaciyar jinya da ta kula da ita duk sun rasu, kuma likitar asibitin, Jeanette Troup, cutar ta kashe ta a 1970. A 2005 cocin ECWA, wadda ta gaji SIM, ta kafa Jami'ar Bingham a Karu ta Jihar Nasarawa, asibitinta na Jos kuma ya zama asibitin koyarwa na jami'ar.

Duk waɗannan gine-gine, in aka duba da kyau, suna wajen masarautun Musulmi. Da yawansu kuma asalinsu domin amfanin ma'aikatan mishan ɗin ne da 'ya'yansu. Wato an ajiye sunan inda ake da masu tuna shi.

3.0 Ƙofar Kano

Kano ta daɗe a rufe ga masu wa'azin Kirista. A 1900 Bishop Herbert Tugwell na ƙungiyar CMS ya iso birnin da ayarinsa, ciki har da Likita Walter Miller. Sarki Alu Babba bai ba su izinin zama ba, ya umarce su da su fita cikin 'yan kwanaki. Suka koma Girku, garin da Gowans ya rasu shekara shida kafin nan. Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, alkawarin da Lugga ya yi na cewa gwamnati ba za ta taɓa addinin jama'a ba ya zama hujjar da jami'an mulkin mallaka suka riƙe suna hana mishan shiga masarautu. Ko tashar CMS da Miller ya kafa a cikin birnin Zariya sai da aka fitar da ita zuwa Wusasa a ƙarshen shekarun 1920.

Abin da wa'azi ya kasa buɗewa, jinya ta buɗe. A shekarun 1930 gwamnatin mulkin mallaka ta fahimci cewa kuturta ta yi yawa a lardunan Arewa, kuma ba ta da likitocin da za su zauna a ƙauye su yi wannan aiki na shekara da shekaru. Sai aka yi tsari na haɗin gwiwa: hukumar En'e ta ba da fili da tallafi daga baitulmali, mishan ta kawo likita da ma'aikatan jinya, ƙungiyoyin yaƙi da kuturta na Ingila da Amurka suka taimaka da kuɗi da magani. A ƙarƙashin wannan tsari SIM ta karɓi manyan sansanonin jinya a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. A Kano wannan ya faru ne a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi mulki daga 1926 zuwa 1953. Shobana Shankar, a littafinta na 2014 kan asalin Kiristanci a Arewacin Nijeriya, ta nuna yadda waɗannan sansanoni suka zama wurin da Kiristocin farko da dama na yankin suka fito, da kuma yadda sarakuna suka riƙa sa ido a kan abin da ake koyarwa a ciki, musamman ga yara.

Ba a ɓoye manufar mishan ba, kuma bai kamata mai nazari ya ɓoye ta ba. Jinyar hanya ce ta isa ga zukata. Sarakunan ma sun san haka, suka yarda da jinyar bisa sharuɗɗa. Kowane ɓangare ya san abin da ɗayan yake nema. A irin wannan zama na lallaɓawa, kafa allo mai ɗauke da sunan shugaban masu wa'azi a bakin ƙofar sansanin da baitulmalin Kano ke tallafa wa zai zama tsokana. Wannan shi ne dalili na farko, dalilin siyasa, da ya sa sansanonin uku duka suka tsaya a kan sunayen wurare.

4.0 Sansani a tsakiyar gonaki

Yadakunya tana cikin Ƙaramar Hukumar Ungogo ta yanzu, kuma ɗaya ce daga cikin mazaɓunta. Yankin yana cikin karkarar nan mai cunkoson jama'a da ta kewaye birnin Kano, wadda Michael Mortimore da J. Wilson suka bayyana a 1965. Siffar wannan karkara sananniya ce: gona a jikin gona, babu saura, ana noma kowace shekara ba hutu, ana raya ƙasa da takin dabbobi da sharar birni da jakuna ke kwasowa. Gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya suna tsaye a tsakiyar gero da dawa, kowace bishiya da mai ita. Bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, gyaɗa ta ƙara wa kowace taƙi daraja.

A irin wannan wuri, ware fili mai faɗi domin marasa lafiya ba ƙaramin al'amari ba ne. Sansanin kuturta na wancan zamani ya fi kama da ƙauye fiye da asibiti. Majinyaci yakan shafe shekaru a ciki, saboda maganin da ake da shi, allurar man calmugura da ake samowa daga wata bishiya ta Asiya, yana da zafi, amfaninsa kuma kaɗan ne. Don haka masu sauran ƙarfi sukan yi noma, su yi gini, su ɗebo ruwa, wasu su koyi karatun boko, wasu su koyi ɗaurin gyambo da yin allura. Wanda ya ce mishan ce ta gina sansanin ya faɗi rabin gaskiya. Hannayen da suka kwaɓa ƙasa suka ɗora tubali, da yawansu hannaye ne da cutar ta riga ta taɓa.

Sauyi ya zo a ƙarshen shekarun 1940, lokacin da binciken John Lowe a Uzuakoli ta gabashin Nijeriya ya tabbatar da cewa ƙwayar dafson, mai araha, wadda ake haɗiya, tana kashe cutar. Daga nan bukatar tsare mutum shekaru a sansani ta fara raguwa. Aka buɗe ƙananan wuraren shan magani a ƙauyuka, kuma tsofaffin majinyata da suka samu horo suna cikin waɗanda suka riƙe su. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna uku, wanda ya rage tsawon jinya zuwa watanni. A shekarun 1970 gwamnatocin jihohi sun riga sun karɓi makarantu da asibitocin mishan da dama, kuma yau asibitin Yadakunya na gwamnatin Jihar Kano ne. Mutanen Kano da yawa ma da sunan Asibitin Bela suka san shi, suna kuma danganta shi da cututtukan fata.

5.0 Sunan Yadakunya

A ƙirarsa, Yadakunya harɗaɗɗen suna ne na aikatau da karɓau, irin su dafa-duka da hana-salla. Aikatau ɗin shi ne ya da, gajeriyar siffar yar da ko yasar da, kamar yadda ba da take ga bayar da, tsai da kuma take ga tsayar da. Ma'anar fili ke nan: a jefar da kunya. Kunnen Bahaushe ba ya kuskuren wannan. Ido kuwa yana iya kuskure, domin takardun Turanci da allunan hanya ba sa sa lanƙwasa a kan haruffa, ba sa nuna karin sauti. Baƙon da ya saba ganin an rubuta Maradi a maimakon Maraɗi zai iya zaton nan ma an sauke lanƙwasa ne, ya karanta yaɗa kunya, wanda ya juya ma'anar gaba ɗaya. Harafi guda ne tsakanin sunan da ke lallashi da sunan da ke cin mutunci.

Amma ko da an karanta shi daidai, sunan bai zama mai sauƙi ba. Mai fassara zuwa Turanci yakan ɗauki kunya a matsayin abin ƙi, abin da ya kamata a rabu da shi. Ga Bahaushe kuwa kunya ado ce. A laccarsa kan mutumin kirki, wadda aka buga a 1974, A. H. M. Kirk-Greene ya lissafa ta cikin siffofin da ke gina mutumin kirki, tare da gaskiya da amana da haƙuri da mutunci. Kunya ce ke hana uwa kiran sunan ɗan fari, ita ke hana suruki cin abinci gaban surukinsa. A ce wa mutum ya ya da kunya, a zancen yau da kullum, ba yabo ba ne. Saboda haka sunan yana tafiya a kan siraɗi. Yana neman mai cuta ya yi abin da tarbiyyarsa ta hana: ya buɗe jikinsa gaban baƙo, ya nuna tabon da yake rufewa da riga, ya yarda a kira cutarsa da sunanta. Hikimar sunan ita ce ya ware wuri guda inda ya da kunya ba rashin kunya ba ne. Wannan ya yi daidai da yadda Hausawa ke cewa ba a ɓoye wa mai magani ciwo.

Wace irin kunya ce kuma ake magana a kai? A nan ana bukatar taka-tsantsan. Ƙasar Hausa ba ta san kore kuturu zuwa daji ba irin yadda aka yi a wasu ƙasashe. Kutare suna zaune a gari, suna aure, suna zuwa kasuwa, suna da Sarkin Kutare kamar yadda makafi da guragu suke da nasu sarakunan. Karin magana ya nuna wannan zama na kusa. Ana cewa kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano, wato kuɗi ya ba shi ikon sa hannu inda ake ƙyamar hannunsa. Ana cewa wanda ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, wanda ya nuna cewa kuturu abokin ciniki ne mai haƙƙi, ko da wanzami ba ya so. Sai kuma wanda ya fi kusa da batun nan: da haka muka fara, kuturu ya ga mai ƙyasfi. A wannan karin maganar kunyar take. Wanda cutar ta riga ta cinye wa yatsu ba shi da abin ɓoyewa, ya riga ya samu matsayi a cikin al'umma, ko da matsayin bara ne. Mai kunya shi ne wanda ya ga ɗan tabo mai haske a bayansa, ba ya jin zafi in an tsunkule shi, yana da mata ko yana neman aure, yana fatan ƙyasfi ne. Shi ne kuma wanda magani zai fi yi wa amfani, domin kuturta in an kama ta da wuri ba ta kai ga nakasa. Sunan Yadakunya da shi yake magana.

Sunayen sauran sansanonin biyu sun bi wata hanya. Amanawa ya ginu ne a kan amana da ɗafin -awa na jama'a, kamar Kanawa da Gobirawa, ya mayar da mazauna wurin al'umma mai suna. Abin sha'awa ne cewa kunya da amana duk suna cikin jerin Kirk-Greene. Babbar Ruga kuwa ta tsaya a kan siffar wuri, mazaunin Fulani da shanunsu, ba ta ce komai a kan cuta ba. A Nijar ma haka abin yake: asibitin SIM na Galmi, wanda aka buɗe a 1950, da na kuturta a Danja kusa da Maraɗi, na 1956, duk sunan gari suke amsawa. Makarantar Littafi Mai Tsarki ta Tofa, a yammacin wannan karkara ta Kano, ita ma haka.

6.0 Yadda Bahaushe ke tsare suna

Kada a ɗauka Bahaushe bai san ginin tunawa ba. Hubbaren Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Sakkwato wurin ziyara ne tun bayan rasuwarsa a 1817. Gidan Malam Aminu Kano, Mambayya, inda aka binne shi a 1983, ya zama cibiyar bincike ta Jami'ar Bayero. Gidan Sardauna a Kaduna ya zama Gidan Arewa. Sai dai a duk waɗannan, mutumin ya zauna a wurin ko yana kwance a cikinsa. Ginin bai aro sunan ba. Nasa ne tun asali. Ga wanda ba shi da hubbare kuma, hanyoyin da aka fi sani su ne takwara, wato a mayar wa jariri sunan mamaci, da sadaka mai gudana, a haƙa rijiya ko a gina masallaci ladan ya je masa, ko da ba a rubuta sunansa a ko'ina ba.

Baƙi ma sun samu shiga wannan tsari, amma ta ƙofar laƙabi. Hanns Vischer, wanda ya fara zuwa a matsayin ɗan mishan kafin ya koma aikin gwamnati ya buɗe makarantar Nasarawa a 1909, gidansa na ƙasa yana nan a Kano, kuma ba wanda ke kiransa gidan Vischer. Gidan Ɗan Hausa ne. Andrew Stirrett, wanda ya shiga SIM a 1902 ya zauna a Nijeriya har rasuwarsa a 1948, Bature Mai Magani aka san shi. Miller ya zama Likita Mila, kabarinsa kuma yana Wusasa, inda majami'ar ƙasa ta Saint Bartholomew, ginin magina Hausawa, take tsaye tun 1929, shekarar da aka buɗe hasumiyar Booth. Duk wanda Hausawa suka zauna da shi sun raɗa masa suna. Bingham bai samu laƙabi ba domin ba a zauna da shi ba.

Hujja mafi ƙarfi tana Jos, inda sunansa yake rubuce ɓaro-ɓaro. Asibitin da takardu ke kira Asibitin Koyarwa na Jami'ar Bingham, direban tasi da mai jinya Jankwano suke ce masa, saboda launin rufinsa. Sunan ya sauya a takarda fiye da sau ɗaya, jan kwano bai motsa ba. Asibitocin Kano sun tabbatar da ƙa'idar ta ɓangarori biyu. An sa wa asibitin Nasarawa sunan Muhammad Abdullahi Wase, kantoman soja da ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1996, amma har yau Asibitin Nasarawa ya fi yawo a baki. Asibitin ƙashi Dala ne, na masu taɓin hankali Dawanau ne. A ɗaya ɓangaren, sunan Murtala ya kama asibitin birni ya zauna daram, asibitin koyarwa kuma har an taƙaita shi zuwa Asibitin Malam, ba a ma bukatar a ce wane malam. Ashe ba sunan mutum Bahaushe yake ƙi ba. Sunan wanda ba ya cikin zuciyarsa ne ba ya ɗauka, sai ya koma ga abin da idonsa ya gani ko ƙafarsa ta taka.

7.0 Wa ake tunawa a Yadakunya?

In an ce a tsayar da mutum guda a matsayin wanda ya kafa Yadakunya, za a rasa wanda za a zaɓa ba tare da an zalunci wani ba. Bingham ya kafa ƙungiyar, amma daga Toronto. Sarki Abdullahi Bayero da majalisarsa sun ba da izini da fili. Talakan da ya biya haraji shi ya cika baitulmalin da aka ɗiba. Likitoci da ma'aikatan jinya daga Amurka da Kanada da Ingila sun ba da shekarun ƙuruciyarsu. Majinyata sun yi noma da gini, wasu sun zama malaman asibiti. Tsarin ginin tunawa irin na Denmark Hill yana bukatar gwarzo guda da mutum-mutuminsa. Tarihin Yadakunya bai ba da wannan dama ba, kuma wataƙila hakan ya fi kusa da yadda abubuwa suka gudana.

Sai dai rashin allo yana da nasa hasarar. Ginin da ke ɗauke da sunan shugaba yana da ƙungiyar da ke kishinsa, tana yi masa fenti, tana bikin cikarsa shekara hamsin da ɗari. Wanda ba na kowa ba, kowa na iya mantawa da shi. Coci tana kallon asibitin a matsayin abin da ya bar hannunta, hukumar lafiya tana kallonsa a matsayin wurin aiki kawai, zuriyar majinyata kuma ba kowa ne cikinsu ke son a danganta shi da wurin ba, wanda ya nuna cewa kunyar da sunan ya ce a yar tana nan da sauranta. A lokaci guda birnin Kano yana ta cin gonakin Ungogo, filin da jiya ake auna shi da damin gero yau ana yanka shi fuloti-fuloti. Nijeriya ta kai mizanin Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙasa da majinyaci ɗaya cikin mutum dubu goma tun 1998, amma har yanzu ana samun sababbin masu kamuwa kowace shekara, kuma jinkirin zuwa asibiti shi ne babban abin da ke kai su ga nakasa.

Nan ne aikin sassan nazarin Hausa yake. Takardun mishan da na En'e suna ajiye a gidajen adana tarihi, a Kaduna da Jos da ƙasashen waje, kuma kusan dukkansu da muryar likita ko ta jami'i suke magana. Muryar majinyata tana bakin tsofaffin da ke zaune a kewayen asibitin, waɗanda suka shigo suna yara a shekarun 1950 da 1960. Su ne suka san laƙabin da aka raɗa wa kowane likita, da sunan da ake kiran kowane ɗaki da kowace rijiya, da kalmomin sakaya da majinyata ke amfani da su tsakaninsu domin kauce wa ambaton cutar. Mafi ƙanƙantarsu yanzu ya haura shekara sittin.